Gaisuwar da Ta Kusa Kashe Kakana

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata waɗanda ko an tuna mini sai na yi ta lalube kafin in kamo bakin zaren. Amma abin da ya faru a gidanmu na Madarunfa a daminar da abokin kakana ya rasu, wannan kam ba zan manta da shi ba har ranar da za a sa ni a ƙasa. Saura kaɗan a rasa tsoho a gidan nan, kuma ba ciwo ne ya so ɗauke shi ba. Gaisuwa ce, gaisuwa mai kyau irin wadda ake koya wa yara.

Kakana, mahaifin babana, tsohon soja ne. Yana saurayi aka kama shi soja lokacin yaƙin duniya na biyu, zamanin da Nasara ke aiko wa sarakuna a ba da samari. Aka zuba su a kamyo, wato babbar motar kaya, daga nan sai jirgin ruwa, sai ƙasar Faransa. Bai cika ba da labarin yaƙin ba. In ka matsa masa sai ya ce shi ba abin da yake tunawa sai sanyi, ya canza magana. Abin da ya dawo da shi kuwa kowa yana gani: kunne ɗaya da ƙarar igwa ta kashe, da wata ɗabi'a ta tashi tsaye ƙyam in an kira shi, ko da jikansa ne ya yi kiran.

Ina yarinya tsofaffin soja suna da yawa a ƙasarmu. Ranar fet, wato bikin gwamnati, sai su fito da kakinsu da jajayen huluna, lambobi na lilo a ƙirji, su jeru a fili ana kallo. Mu yara dariya muke yi musu, don wani na jan ƙafa, wani ya juya hagu alhali an ce dama. Kowace shekara layin na raguwa, mu kuwa ba mu lura ba, don hankalinmu na wajen masu sayar da alewa. Sai da na yi aure na haihu sannan wata rana na duba na ga saura mutum biyu a duk yankin, kakana da wani tsoho na wani ƙauye can gaba da Gabi, wanda kowa ke kira Kapural.

Kapural ba musulmi ba ne. Yana kan al'adar kakanninsa, cikin mutanen da a wajenmu ake kira Anna. Kakana kuwa sahun farko yake sallah har ranar da ƙafafu suka ƙi. Duk da haka ban taɓa ganin mutum biyu da suka shaƙu kamar su ba, kuma ban taɓa jin sun yi wa juna magana mai daɗi ba. Asalin abin, kamar yadda Kaka ya taɓa gaya mini, daga wani sansani ne da Jamus suka tsare su. Sanyi na kashe mutane cikin barci, gari ya waye a ga na kusa da kai ya sandare. To duk wanda ya riga farkawa cikin su biyu sai ya shuri ɗaya ya ce, "Rago, ba ka mutu ba?" Ɗayan ya amsa, "Sai na sha gumbarka." Gumbar sadakar mamaci yake nufi. Da wannan magana suka fito daga sansanin, da ita suka dawo gida, da ita suka tsufa.

Da tafiya ta gagare su sai abin ya koma aike. Waya ba ta yi musu amfani ba, don Kaka ba ya ji sosai, Kapural kuma ya ce shi ba ya magana da ƙarfe. Akwai wani magidanci na ƙauyen Kapural mai amalanken jaki, yana kawo itace da hatsi kasuwarmu. Duk ranar kasuwa sai ya tsaya ƙofar gidanmu, ya shigo ya durƙusa gaban Kaka a gindin dogon yaro, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Soja, a gahwarce ni, ni ɗan aike ne. Ya ce in tambayi ragon nan ko har yanzu bai mutu ba." Kaka ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya ce, "Ka ce wa tsohon ɓarawon kajin Faransa ina nan daram, sai na sha gumbarshi." A ranar nan kam yakan ci tuwo har ya nemi ƙari.

Ni ce jikarsa ta fari, don haka ni ce amaryarsa ta wasa. Gidan mijina yana can wajen tafki, inda nake suyar kifi, amma kullum da safe sai na fara kai wa angona kunu kafin in ɗora kasko. Nakan aje kwanon in ce, "Ango, wai yaushe za ka ba mu gumba mu sha? Mun gaji da jira." Shi kuma ya ce, "Layi za ki bi, amarya, akwai wanda ya riga ki." Mutanen gida suna cewa bakina ba ya da linzami, kuma ban taɓa musa musu ba.

A farkon daminar nan hawan jini ya kayar da Kaka, aka kwantar da shi gidan likita. Da Kapural ya ji, sai ya tasa 'ya'yansa gaba har suka nemo mota suka kawo shi dubiya. Suka yi zagin da suka saba, suka ɗan keɓe su biyu, aka mayar da shi gida. Ba a daɗe ba aka sallami Kaka, majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya ja babana gefe ya ce a kiyaye, kada a bari wani abu ya tayar wa tsohon hankali. Daga nan ruwa ya kece. Gulbi ya cika ya yanke hanya, mai amalanke ya yi kasuwanni bai zo ba. Ranar da ya zo kuwa ba ranar kasuwa ba ce, kuma amalanken ba kaya. Ya aika a kira masa babana waje. Kapural ya rasu, har an binne shi.

Babana ya tara ƙannensa a zaure, aka yanke shawara ba za a gaya wa Kaka ba sai ya ƙara ƙarfi. Wannan ba sabon abu ba ne a wajenmu. Ana ɓoye wa mai jego mutuwa, ana ɓoye wa marar lafiya, ana ɓoye wa tsoho, kuma duk don tausayi ake yi. Ni kaɗai aka kira daga cikin mata, ba don a nemi shawarata ba. Babana ya nuna ni da yatsa ya ce, "Ke, na san halinki. In maganar nan ta hito daga bakinki, ni da ke ne." Na ce to. Aka zare pil, wato batir, daga rediyon Kaka aka ce ya lalace, don kada ya ji sanarwa. Masu zuwa yi masa ta'aziyya, don kowa ya san shi ne ya fi kowa rashi, sai a tare su a zaure, su shiga da gaisuwar jiki su fito.

Saura aiken ranar kasuwa. Babana ya ce wa mai amalanke ya ci gaba da zuwa kamar yadda ya saba. Mutumin ya yi ta murza igiyar jakinsa, sannan ya ce, "Alhaji, zuwa kam zan zo. Amma ni ba ni iya sa zagi a bakin wanda ke kwance cikin ƙasa. Da ranshi, shi ya hwaɗa, ni na ɗauko. Yanzu in na hwaɗa, wa ya aiko ni?"

Babana ya ce, "To wa ya ce ka yi zagi? Ka ce shina gaishe shi, shina mishi fatan sauƙi. Ai wannan ma ta hi kyau."

Kowa ya gyaɗa kai. Mu mutane ne da muka tashi muka tarar gaisuwa ba ta taɓa ɓata wa kowa rai ba. Ka gaida mutum da kwana, ka gaishe shi da gajiya, ka gaishe shi da ruwa, ko maƙiyinka ne ya amsa. Ba wanda ya kawo a ransa cewa akwai mutum guda a duniya da gaisuwa daga wannan bakin za ta zame masa mari.

Ranar kasuwa ina nan, na kawo kunu. Tun da Kaka ya hango kunnuwan jaki ta kan katanga ya gyara zama, ya tura hularsa gaba, fuskar nan ta washe, don ya daɗe bai ji daga abokinsa ba. Mai amalanke ya durƙusa ya ce, "Baba Soja, mutumin naka shina gaishe ka. Ya ce yaya ƙarhin jiki, Allah shi ƙara sauƙi."

Kaka ya juyo da kunnensa mai ji. "Mi ya ce?"

Mutumin ya maimaita, idonsa a ƙasa.

"Shi ya hwaɗi haka? Da bakinshi?"

"E, Baba Soja."

Kaka ya daɗe yana kallon tabarma. Can ya ce, "To. Ka ce ina amsawa." Babana, da ke laɓe a bakin zaure, ya sauke ajiyar zuciya ya ce wa ƙanensa, ka gani, an wuce lafiya. Kunun ranar nan rabi Kaka ya sha.

Kasuwa ta zagayo, babana ya ga ya kamata a ƙara wa abin armashi. Ya sayi goro fari mai kyau da ƙullin sukari ya ba mai amalanke ya shigo da su a matsayin saƙon Kapural. Kaka ya karɓi goron ya jujjuya shi a tafin hannu, ya ce a hankali, "Goro. Sai ka ce surukina." Ya aje a gefen tabarma, nan ya bushe.

Daga nan tsoho ya fara zubewa a gaban idonmu. Tuwo ya koma loma biyu, loma biyu ta koma a'a. Kunun da nake kaiwa da safe, in na dawo da la'asar sai in tarar ya yi fata a kwano. Aka mayar da shi wajen majo, ya auna ya ce bai ga wani sabon abu ba, a dai lallashe shi ya ci abinci. Aka kawo rubutu, aka kawo jiƙo, aka yanka masa zabo. Ya daina fita gindin dogon yaro. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ya daina kula ni. Wata safiya na yi ƙarfin hali na ce, "Ango, gumbar nan dai shiru?" Ya dube ni ba alamar wasa ya ce, "Kin kusa sha."

Ana gobe kasuwa, da hantsi, ina gyara masa shimfiɗa sai ya kama bakin zanena ya ce in zauna. Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai.

"Amarya, zan aike ki wajen mai amalanke, don ke ba ki jin kunyar magana. Ranar da Kapural ya zo dubiyata, na yi mishi wata magana. Tun muna samari ban taɓa yi mishi ita ba. Na ga mutuwa kusa, sai na kama hannunshi na ce, mun tsuhwa, ka yi kalmar shahada ko don hankalina shi kwanta. Ya yi dariya ya ce ni rago ne, komi tsoro nike ji. Na aza ta wuce. Ashe ya tahi da ita a ciki."

Na ce, "Kaka, wa ya ce maka ya riƙe ka?"

Ya ce, "Ba ki ji ba? Gaishe ni shike yi. Yaya jiki, Allah shi ƙara sauƙi. Haka ake yi wa baƙo. Sanyin ƙasar can bai raba mu ba, yunwa ba ta raba mu ba, sai da na tsuhwa bakina ya raba mu." Ya tsaya ya huta. "Duk waɗanda suka san ni ina da ƙarhi sun tahi, shi kaɗai ya rage. Ki ce a ce mishi na janye maganata. Tsakaninshi da Ubangijinshi, ba ruwana. Ni dai shi zage ni. Ko sau guda, in ji, sannan in mutu."

Na ce to, na tashi na fita da sauri. A bayan rumbu na tsaya na yi kuka mai isata. Tsoho yana ba mamaci haƙuri, yana jiran amsa, kuma amsar da za a kawo masa gobe ita ce wata gaisuwar da wani goron. A nan na gane cewa ba ciwo ke cin Kaka ba. Yana kashe kansa da yunwa ne saboda yana ganin abokinsa ya yanke shi, kuma in aka bar shi haka, da wannan baƙin cikin zai shiga kabari.

Ban koma wajen kifina ba. Na bi babana har gona, na tarar da shi yana duba wake. Na durƙusa na gaya masa duk abin da Kaka ya ce, ban rage ba. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "In aka hwaɗa mishi ya yanke jiki ya hwaɗi, mi zan ce wa Allah?"

Na ce, "Baba, in ya mutu a haka, shina ganin abokinshi ya tahi da hushinshi, mi za ka ce?"

Na ɗauka zai daka mini tsawa, don ban taɓa mayar masa da magana irin haka ba. Sai na ga idonsa ya kaɗa ya yi ja. Babana a lokacin shi ma gemunsa fari fat, yana da jikoki, amma a gonar nan na ga tsoron maraici a fuskarsa kamar na ƙaramin yaro. Ya ce in tafi gida, zai yi magana da liman.

Washegari liman ya zo, mai amalanke ya zo, babana da ƙannensa suka shiga ɗakin Kaka suka zazzauna. Ni ina bakin ƙofa da kwanon kunu, wai aiki ya kawo ni. Liman ya fara yadda ake farawa, ya yi salati, ya kawo zancen haƙuri, ya kawo zancen annabawa da jarrabawar da aka yi musu. Kaka na kwance yana kallon rufin ɗaki. Da liman ya ga ya share fage sai ya ce, "Baba Soja, mun samu labari jikin mutumin naka ya ɗan matsa."

Kafin ya rufe baki Kaka ya yunƙura ya zauna, abin da ya yi kwanaki bai iya ba. "Ya matsa? To mi muke jira? Ku ɗora ni bisa amalanke. Ina da maganar da zan hwaɗa mishi da bakina." Ya fara laluben takalmansa da ƙafa.

Liman ya dubi babana, babana ya dubi ƙasa, ƙannensa suka dubi liman. Manya ne duka, kowa na jiran wani ya fara. Tsoho kuwa ya samu takalmi ɗaya yana neman ɗayan. Ba al'ada ba ce mace ta tsoma baki a irin wannan zama, amma jika tana da wata ƙofa wajen kakanta da ba kowa ke da ita ba. Na aje kwanon na shiga na durƙusa ta wajen kunnensa mai ji, na ce, "Kaka, Kapural ya rasu."

Na riƙe numfashi ina jiran abin da majo ya tsoratar da mu. Kaka bai faɗi ba. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, ya sake faɗa. Sannan ya ce, "Yaushe?"

Babana ya ce tun lokacin da gulbi ya yanke hanya.

Na ga tsoho yana lissafi a ransa. Ya juya wajen mai amalanke. "Gaisuwar nan da kake kawo mini, wa ya aiko ta?"

"Ba kowa, Baba Soja. Mu ne."

"Goron hwa?"

"Alhaji ya saya."

"Shi bai gaishe ni ba?"

"Ko sau guda bai gaishe ka ba."

Mai amalanke ya share fuska da hannun riga, ya ce akwai aiken da yake ɗauke da shi tun ranar, ya rasa yadda zai sauke, don in ya faɗa asiri ya tonu. Ana gobe Kapural zai cika ya sa aka kira shi har bakin shimfiɗa. "A gahwarce ni, ni ɗan aike ne. Ya ce in ce wa ragon nan ya ci nasara. Gumbar tashi ce, shi zo shi sha."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Kaka wanda har yau ban san sunansa ba, dariya ce ko kuka. Hawaye na bin ramukan fuskarsa suna shiga gemu, kafaɗunsa na rawa, bakinsa kuma a washe. Ya daɗe a haka, ba wanda ya motsa. Da ya samu numfashi sai ya ce, "Ashe mutuwa ce. Alhamdu lillahi. Ni na aza hushi ya yi da ni."

Sannan ya dubi babana. Bai ɗaga murya ba. "Kai kuma, na binne uwarka, na binne 'yan'uwanka, na binne mutane cikin ƙanƙara da hannun nan. Labarin mutuwa ne ba ni iya ɗauka?" Babana ya ce a yi masa gafara. Kaka ya ɗaga hannu alamar ya wuce, ya waiwayo wajena ya ce, "Amarya, kunun nan da kika aje a ƙohwa, na ado ne?"

Ya shanye shi tas, ya side cokali, ya ce da rana yana son kifi, kuma kada in kawo masa irin ƙananan nan da nake cutar mutanen kasuwa da su. Da na fito tsakar gida sai na zauna a kan turmi. Ban taɓa jin sauƙi irin na ranar nan ba, kamar an sauke mini dami daga ka. Na hango babana a zaure shi kaɗai, yana share ido yana murmushi, bai san ina ganinsa ba.

Da ya ɗan murmure, Kaka ya ce sai an kai shi. Ya sa aka ciro kakinsa daga akwati. Wandon ya yi masa yawa har sai da aka ɗaure da igiya, amma lambobin nan ya sa na goge su da toka suna ƙyalli. Mota ta kai mu inda hanya ta ƙare, daga nan muka hau amalanke. Mutanen ƙauyen suka fito gaba ɗaya. Kwanakin sadaka sun daɗe da wucewa, amma babbar 'yar Kapural, ita ma tsohuwa, ta sa aka jiƙa gero aka daka sabuwar gumba, ta ce babansu ya bar wasiyya kada a hana ragon Madarunfa rabonsa. Ta faɗa tana rufe baki don kunya. Kaka ya gutsura ya ci, ya ce sukari bai ji ba, ya san halin mai gidan da rowa.

Kabarin yana bakin gona, gero ya yi tsawo ya kewaye shi. Babana da mai amalanke suka riƙe Kaka har wurin. Da suka isa sai ya zame hannuwansa daga nasu, ya haɗa dugadugai, ya miƙe iyakar yadda bayansa zai yarda, ya ɗaga hannu ya sara irin ta soja. Ya daɗe a haka bai sauke hannun ba. Bakinsa na motsi, ba mu ji abin da yake faɗa ba, ba wanda kuma ya tambaya. A hanyar dawowa, amalanke na jijjiga mu, ya ce mini ba tare da na tambaye shi ba, "Allah ya hi ni saninshi, amarya. Can na bar maganar."

Kaka ya ga kakar shekarar nan, ya ga wata daminar, yana cin tuwonsa yana zagin kifina. Sannan wata safiya bayan sallah ya koma ya kwanta bai tashi ba. Muka yi abin da jikoki ke yi, muka tasa iyayenmu gaba da wasa muna neman gumbarmu, amma ni da na kai baki sai na mayar da ita cikin kwano. Jama'a ta taru ƙwarai, sai dai a cikin taron nan duka ba mutum ɗaya da ya san irin sanyin da yake nufi. Shi ya samu ya sara wa abokinsa, shi kuma ba sauran wanda zai sara masa. Da su biyun nan aka rufe wannan layin a ƙasarmu, kuma ina jin zafin abin har yanzu, don sun tafi da labarai da yawa da ba su faɗa ba.

Duk da haka in na tuna shi, sauƙi nake ji fiye da baƙin ciki, don ya tafi ya san abokinsa bai juya masa baya ba. Abin da na koya shi ne, tsoho ya daɗe da sanin mutuwa, ya fi mu saninta nesa ba kusa ba. Abin da ba ya iya ɗauka shi ne ya ga wanda ya rage masa ya yi shiru, ko ya canza masa fuska, bai san dalili ba. Muna ɓoye musu ne don tausayi, amma sau da yawa tsoronmu muke lallashi, mu bar su su kaɗai suna neman laifin da ba su yi ba. Tun daga lokacin, in aka zauna shawarar ɓoye wa tsoho mutuwa, ni ba na ciki. In kuma an rasa mai iya faɗa, a aiko a kira ni.